Dushewar Tasirin Maganin Ciwon Damuwa

Dushewar tasirin maganin ciwon damuwa yanayi ne da mutum yake kan magani, ya samu sauƙi na watanni ko shekaru, sai ciwon ya fara dawowa alhali bai ajiye maganin ba. Likitoci na kiransa takifilaksis. Masu ciwon kuwa cewa suke yi "maganin ya daina yi mini aiki", ko "jikina ya saba da shi". Ya sha bamban da ciwon damuwa mai taurin kai, wato wanda aka gwada wa aƙalla magunguna biyu daban-daban, kowanne da cikakken awo da isasshen lokaci, amma tun farko bai ji ba.

Ba farat ɗaya yake zuwa ba. Mutum ya fara farkawa ƙarfe uku na dare, barci ya ƙi komawa har a kira asuba. Abinci ya zama salam a baki. Waya na ƙara, yana ganin sunan mai kira, ya kifa ta. Sau da yawa mutanen gida ne ke riga shi lura.

Yawan faruwarsa

An fi tattauna batun bayan yaɗuwar magungunan da ke aiki kan sinadarin serotonin na ƙwaƙwalwa, musamman fuloksetin, wanda Amurka ta amince da shi a ƙarshen 1987 da sunan Prozac. Wani nazari da Byrne da Rothschild suka wallafa a 1998 ya nuna ciwon kan dawo wa kashi 9 zuwa 33 cikin 100 na masu ci gaba da shan magani. A gwajin ANTLER da aka yi a Ingila kan mutum 478, wanda aka wallafa a 2021, ciwon ya dawo wa kashi 39 cikin 100 na waɗanda suka ci gaba da magani cikin shekara guda, da kashi 56 na waɗanda aka janye musu shi. Ke nan magani yana karewa, amma ba katanga ba ne.

Dalilai

Kalmar nan "ya daina aiki" buhu ce da ake zuba abubuwa iri-iri a ciki, kuma sabon jiki da magani shi ne na ƙarshe da likita mai hankali zai ɗora wa laifi. Akwai hasashen cewa ƙwaƙwalwa kan rage jin sinadarin serotonin idan aka daɗe ana shan magani, sai dai babu gwajin jini ko hoton da ke tabbatar da hakan.

Abin da aka fi tararwa ya fi wannan sauƙi. Tsallake kwanaki ne kan gaba: kati ya ƙare, kuɗin sabo bai samu ba sai bayan mako, ko mutum ya ji garau ya koma sha jefi-jefi. Sai karo da wasu magunguna. Rifamfisin na tarin fuka da karbamazafin na farfaɗiya suna sa hanta ta riƙa narkar da wasu magungunan damuwa da sauri, ƙarfinsu ya ragu a jini. Hayaƙin taba sigari ma na yin haka ga wasunsu, haka watannin ƙarshe na juna biyu. Giya da wiwi na dagula yanayi. Tiramol ya fi su haɗari, domin haɗa shi da magungunan serotonin kan kawo zazzaɓi, karkarwa, ruɗewa, har da suma da jijjiga. Inda jabun magani ke yawo a kasuwa, dole a duba inda aka sayo ƙwayar.

Wani lokaci ciwon jiki ne ya sa rigar damuwa: raunin tayirod, wato halittar gaban wuya da kumburinta ke zama maƙoƙo, ko ƙarancin jini, ko ciwon suga. Wani lokaci kuma rayuwa ce ta yi nauyi, rasuwa ko saki ko karyewar jari, kaya ya fi ƙarfin awon da ya wadatar a da. Akwai kuma wanda tun asali ciwonsa mai hawa da sauka ne, ya taɓa yin kwanaki ba barci, ga surutu, ga ɓarnar kuɗi, bai faɗa wa likita ba don a ganinsa lokacin ne ya fi lafiya. Irin wannan maganin damuwa shi kaɗai ba ya riƙe shi.

Matakan da ake ɗauka

Babban kuskure shi ne yanke magani kwatsam. Yakan jawo jiri, tashin zuciya, munanan mafarkai da jin kamar jan lantarki a kai, musamman ga masu shan faroksetin ko benlafaksin, sai a ɗauka ciwon ne ya tsananta. Ninka awo da kai ma ganganci ne; amitiriftilin, mai araha da yawa a kemis, yana taɓa bugun zuciya idan ya yi yawa.

Likita kan fara da gyara abin da ya gano. Bayan haka ya ƙara awo, ko ya sauya zuwa wani magani a hankali, ko ya haɗa da mataimaki irin su litiyam ko arififirazol. Kowane sauyi na buƙatar mako huɗu zuwa takwas kafin a yanke masa hukunci. Mai shan litiyam ya kiyayi ƙishirwa a lokacin zafi, ya kuma nemi shawarar likita kafin azumi.

Babban binciken STAR*D na Amurka, mai mutum kusan 4,000, ya ba da rahoto a 2006 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku sun warware da maganin farko, jimilla ta kai kashi 67 cikin 100 bayan matakai huɗu na sauya magani ko ƙara wani. Wasu masana da suka sake lissafin a 2023 sun ce ainihin jimillar ba ta wuce kashi 35 ba, kuma har yanzu ana jayayya.

Jiyya ta hanyar tattaunawa da ƙwararre, wadda ke koya wa mutum kama munanan tunaninsa tun suna tsiro, tana rage dawowar ciwon. Idan abu ya yi tsanani akwai jiyyar ƙwaƙwalwa da lantarki, da aka fara a birnin Rum na Italiya a 1938, wadda yanzu ake yi bayan an sa mutum barci. Akwai kuma esketamin na shaƙa ta hanci, Spravato, da Amurka ta amince da shi a 2019, sai dai tsada ta hana shi yaɗuwa.

A Nijeriya likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200. A Arewa ana samunsu a asibitocin koyarwa da na ƙwaƙwalwa, kamar na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano da na Maiduguri. Tun da ganin likita kan yi tazara, yana da amfani a je da kwalayen duk abin da ake sha, har na gargajiya, da takardar da aka rubuta kwanakin da aka tsallake da ranar da barci ya fara lalacewa. Wanda tunanin kashe kansa ya fara zo masa ba ya jiran ranar da aka ba shi: a kai shi asibiti a ranar, a ɗauke magunguna daga kusa da shi, kada kuma a bar shi shi kaɗai.