Wasannin barkwancin Birtaniya da aka sake shiryawa domin Amurkawa

A harkar talabijin, kamfanonin Amurka sun daɗe suna sayen haƙƙin wasannin barkwancin da suka yi tashe a Birtaniya, su sake shirya su da 'yan wasan Amurka a wani gari na Amurka. Abin da ake saya shi ne ginshiƙin labarin da halayen mutanen cikinsa, wani lokaci har da rubutun wasan dungurungum. Duk da cewa Turanci ake yi a ƙasashen biyu, manyan tashoshin Amurka irin su CBS da NBC da ABC ba su saba nuna wasan Birtaniya yadda yake a lokacin da jama'a suka fi kallo ba. Tashar PBS, wadda ba ta kasuwanci ba ce, ita aka fi sani da nuna su yadda suke. Al'adar sake shiryawar ta kafu sosai a shekarun 1970, kuma shirye-shiryen da suka faɗi sun fi waɗanda suka karɓu yawa nesa ba kusa ba.

Alf Garnett da Archie Bunker

Johnny Speight ne ya rubuta wa BBC wasan Till Death Us Do Part, wanda aka yi gwajinsa a 1965, aka fara nuna shi a jere a 1966. Jigon wasan shi ne Alf Garnett, ma'aikacin tashar jiragen ruwa a gabashin Landan, mai son gidan sarauta da jam'iyyar masu ra'ayin riƙau da ƙungiyar ƙwallo ta West Ham, mai kuma ƙin baƙi da baƙar fata. Kullum cikin cacar baki yake da mijin 'yarsa, mai ra'ayin gurguzu. Warren Mitchell ne ya fito a matsayinsa.

Norman Lear, mai shirya wasannin talabijin a Amurka, ya sayi haƙƙin wasan, amma bai samu shiga da wuri ba. ABC ta sa an yi gwaji sau biyu, a 1968 da 1969, ta janye. Sai CBS ta karɓa, ta fara nuna All in the Family ranar 12 ga Janairu 1971, ta kuma sa gargaɗi kafin kashin farko domin shirya masu kallo kan abin da za su ji. Alf ya koma Archie Bunker, shugaban masu lodin kaya, mazaunin unguwar Queens a New York, Carroll O'Connor na taka rawar. Rigimar Birtaniya ta tsakanin talaka da mai sarauta ta koma rigimar Amurka: yaƙin Biyetnam, Shugaba Nixon, 'yancin mata, da maƙwabta baƙar fata da suka tare a layin. Lear ya sha faɗa cewa ya ɗebi wasu halayen Archie daga mahaifinsa.

Canjin da ya fi muhimmanci a cikin gida aka yi shi. Matar Alf, Else, mace ce da zaman aure ya gajiyar, tana mayar masa da magana mai zafi. Edith, matar Archie, wadda Jean Stapleton ta fito a matsayinta, mai taushin zuciya ce, tana rugowa daga ɗakin girki ta tarbe shi idan ya dawo aiki, kuma sau da yawa gaskiyar zancen daga bakinta take fitowa ba tare da ta lura ba. Ta dalilinta mai kallo yake ganin akwai abin so a Archie. Wasan ya riƙe matsayi na ɗaya a ƙididdigar masu kallo shekara biyar a jere, daga 1971 zuwa 1976, ya haifi wasannin Maude da The Jeffersons, ya ƙare a 1979. Kujerar Archie tana ajiye a gidan tarihi na Smithsonian da ke Washington.

An yi saɓani kan ko wasannin biyu sun rage wariyar launin fata ko sun ƙarfafa ta. Binciken Neil Vidmar da Milton Rokeach na 1974 ya nuna masu irin ra'ayin Archie sun fi ɗaukarsa a matsayin mai faɗin gaskiya.

Daga keken doki zuwa a-kori-kura

Steptoe and Son na Ray Galton da Alan Simpson ya fara a BBC a 1962. Labarin uba ne da ɗa, 'yan jari bola a Shepherd's Bush, masu bin layi da keken doki suna tattara tsummoki da tsofaffin ƙarafa. Ɗan, Harold, ya doshi shekara arba'in, yana mafarkin ilimi da aure da barin gidan, tsohon kuma yana ɓata masa kowane yunƙuri. A kashin farko Harold ya loda kayansa a keken zai tafi, uban ya hana shi dokin. Ya shiga tsakanin sandunan keken da kansa ya ja, keken ya ƙi motsi, ya fashe da kuka. Wasan barkwanci ne, amma da wuya a kalli wannan wuri ba a ji tausayi ba.

An yi wani gwaji a Amurka wajen 1965 wanda bai kai ko'ina ba. Wanda ya karɓu shi ne Sanford and Son na Lear da abokin aikinsa Bud Yorkin, a NBC daga 1972 zuwa 1977. An mayar da gidan unguwar Watts ta baƙar fata a Los Angeles, doki ya koma tsohuwar a-kori-kura, aka ba Redd Foxx matsayin uba, Demond Wilson na ɗa. Kashi da dama na zangon farko daga rubutun Galton da Simpson aka ɗauko su. Daga baya wasan ya kwanta a kan salon Foxx, wanda ya yi shekaru yana barkwanci a gidajen rawa. Duk lokacin da ɗan ya yi zancen tafiya, sai tsohon ya dafe ƙirji, ya ɗaga kai sama yana kiran marigayiyar matarsa Elizabeth wai ga shi nan tafe. Ɗacin na Birtaniya ya ragu ƙwarai, sai dai wasan ya buɗe ƙofa ga sauran shirye-shiryen iyalan baƙar fata, har ya kai matsayi na biyu a ƙasar, bayan All in the Family.

A ƙarshen shekarun 1970 ne Man About the House na kamfanin Thames ya zama Three's Company a ABC, daga 1977 zuwa 1984, da John Ritter.

Dalilan canji

A Birtaniya zango ɗaya yakan zama kashi shida, mutum ɗaya ko biyu ne ke rubuta shi duka. A manyan tashoshin Amurka ana son kashi 22 zuwa 24 a shekara, kuma ayarin marubuta ne ke zama ɗaki guda suna aikin. Wasan BBC yana cin kusan minti 30 babu talla, na Amurka kusan minti 22, a yanka shi gida-gida saboda talla. Ribar kamfani tana zuwa ne idan wasa ya kusa kashi 100, aka sayar da shi ga ƙananan tashoshi suna maimaitawa. Saboda haka mutumin da za a iya jure wa mugun halinsa na mako shida dole a sassauta shi idan zai shiga ɗakunan mutane shekara da shekaru.

Waɗanda suka faɗi

Fawlty Towers na John Cleese da Connie Booth kashi 12 ne kacal, a 1975 da 1979. Sau uku aka gwada shi a Amurka: gwajin 1978 da Harvey Korman, Amanda's da Bea Arthur a 1983, da Payne a 1999. Babu wanda ya wuce zango ɗaya. Coupling na Steven Moffat ya shiga NBC a 2003 da rubutu kusan iri ɗaya da na asali, aka tsayar da shi bayan kashi huɗu. Red Dwarf da The IT Crowd ba su wuce gwaji ba. Mind Your Language, wanda masu kallo da yawa a Nijeriya suka sani, ya zama What a Country! a 1986, bai daɗe ba.

The Office da bayansa

Ricky Gervais da Stephen Merchant sun yi The Office a BBC daga 2001 zuwa 2003, kashi 12 da na Kirsimeti biyu, a ofishin wani kamfanin sayar da takarda a Slough. Greg Daniels ya mayar da shi Scranton a jihar Pennsylvania, NBC ta fara nunawa a Maris 2005. Kashin farko ya bi na asali sau da ƙafa, kuma zangon farko mai kashi shida bai samu karɓuwa sosai ba. Daga zango na biyu aka gyara halin manajan, Michael Scott na Steve Carell: har yanzu yana ba da kunya, amma gwani ne a ciniki, yana kuma ƙaunar ma'aikatansa da gaske. Wasan ya ci kyautar Emmy a 2006, ya yi zango tara da kashi 201, ya ƙare a 2013.

Shameless na Amurka, wanda shi ma daga Birtaniya aka ɗauko shi, ya yi zango 11 a tashar Showtime, daga 2011 zuwa 2021. CBS ta fara nata Ghosts a 2021. Yanzu da ake kallo ta intanet, Amurkawa da dama suna ganin na asalin kafin a sake shi.