Gwaggon Charley: tsohuwar diramar Ingila da ta zaga duniya cikin rigar mata

Wai wace dirama ce wannan ɗin?

Sunanta Charley's Aunt, wato Gwaggon Charley, wasan barkwanci ne na dandamali mai kashi uku, wani mutumin Liverpool mai suna Brandon Thomas ya rubuta shi. An fara yinsa ran 29 ga Fabrairu 1892 a wani ƙaramin gari, Bury St Edmunds, kafin a kawo shi Landan a Disambar wannan shekarar. Shi kansa marubucin yana cikin 'yan wasan, shi ya fito a uban ɗaya daga cikin samarin, amma wanda aka rubuta wasan dominsa shine W. S. Penley, shi ya fara sa rigar gwaggon.

Toh meye labarin?

Ɗalibai ne guda biyu a jami'ar Oxford, Jack da Charley, kowa da yarinyar da yake so, Kitty da Amy, gashi washegari za a tafi da 'yan matan Scotland kuma har yanzu ba wanda ya iya buɗe baki ya faɗa. Sai suka ce bari su gayyace su cin abincin rana a ɗakin Jack. Matsalar ita ce a Ingilar lokacin ba 'yar mutuncin da za ta shiga ɗakin samari ba tare da wata babbar mace a wajen ba, kamar dai yadda a wasu gidajen namu in saurayi ya zo zance sai an haɗa yarinya da ƙanwarta ta zauna a gefe tana ƙirga minti. Dama ana jiran gwaggon Charley, Donna Lucia, wata hamshaƙiya da mijinta ya mutu ya bar mata dukiya a Burazil, shi Charley ɗin ma bai taɓa ganinta ba, sai suka ce ai shikenan an samu mai gadi. Kwatsam sai ga waya an bugo ta telegiram wai gwaggo ba za ta iso yau ba, 'yan mata kuma suna hanya.

Ana cikin haka abokinsu Lord Fancourt Babberley, Babbs suke ce masa, yana gwada kayan tsohuwa da zai sa a wasan ɗalibai. Suka damƙe shi suka ce wallahi yau kai ne gwaggo.

Daga nan fa aka shiga uku. Tsoho Spettigue, kawun Amy kuma waliyyin Kitty, ya shigo da faɗa zai kwashe yaransa, yana jin cewa wannan tsohuwar miloniya ce sai ya sauke murya ya koma neman aurenta. Shi ma baban Jack, Sir Francis, bashi ya masa katutu, ɗan nasa ya zuga shi ya gwada sa'a. Ita kuwa gwaggon gaskiya ta iso daga baya, ta ji ana gabatar mata da wani ƙato da sunanta, maimakon ta tona sai ta yi shiru ta ari wani suna ta zauna kallon ikon Allah. Ni a wajena wannan shirun nata shine gishirin wasan duka.

Da gaske ya yi tashe ko kuwa zuzutawa ce?

Ya yi kam. An buɗe shi a gidan wasa na Royalty ran 21 ga Disamba 1892, wajen ya yi wa mutane kaɗan aka koma Globe a ƙarshen Janairun 1893, kuma sai da aka yi shi sau 1,466 a jere, kusan shekara huɗu kenan. Kafin nan ba wasan da ya taɓa daɗewa haka a Landan, kuma sai da aka yi shekara ashirin da wani abu kafin wani ya zo ya wuce shi.

Yaushe ya fita waje?

Bai ma jira an gama da shi a gida ba. Oktoban 1893 an buɗe shi a New York da Etienne Girardot a matsayin gwaggo. A wannan shekarar dai ya shiga Berlin da Jamusanci, sunansa Charleys Tante, Guido Thielscher ne ya yi gwaggon kuma ita ta ɗaga sunansa. A 1894 ya isa Paris, gidan wasa na Cluny, Maurice Ordonneau ya juya shi zuwa Faransanci, su kuma ko gwaggon ba su bari ba, suka mayar da ita uwar baftisma, La Marraine de Charley.

Amurkawa sun fi kowa tatsarsa. Ɗan wasa José Ferrer ya dawo da shi Broadway, unguwar gidajen wasa ta New York, a 1940, sai a 1948 aka sa masa waƙa da rawa aka kira shi Where's Charley?, Frank Loesser ya yi waƙoƙin Ray Bolger ya fito, aka yi shi sau 792. A wannan ɗin sun ɗan taɓa labarin, Charley da kansa ne yake zama gwaggon kansa, yana shiga yana fita yana canja kaya, wahala biyu kenan ga ɗan wasa ɗaya.

Ba ce mana ake barkwanci baya fassaruwa ba? Ya aka yi wannan ya tsallake?

Saboda dariyar ba a baki take ba, a ido take. Ka ɗauki wajen shan shayi a lambu: an ce gwaggo ta zuba wa baƙi shayi tunda ita ce babba, Babbs bai taɓa wannan aikin ba, hankalinsa na wani waje, ga hular Spettigue doguwar nan a ajiye baki sama, sai kawai ya tsiyaya shayin a ciki, shi kuma mai hular don kwaɗayin dukiya ba halin ya yi fushi. Wannan ko ba ka jin kalma ɗaya ta yaren za ka gane. Haka inda tsohon yake bin gwaggo da gudu tana tattare riga ana hango wando a ƙasa, haka inda ta samu ta keɓe ta kunna sigari irin na maza sai ga mutum ya shigo. Ga kuma 'yan matan da suke rungumar gwaggo suna sumbatarta a gaban samarinsu, su samarin ciki na ƙuna ba damar magana don su suka ƙulla abun.

Kuma mai kallo ya san gaskiya tun farko, na kan dandamali ne basu sani ba, toh duk wata magana ta mutunci da aka yi wa gwaggo sai ta zama abun dariya. Kwaɗayin tsoho akan dukiyar bazawara kuwa ba ƙasar da sai an yi mata bayani.

Inda ake samun cikas shine maganar da Babbs yake ta maimaitawa in ya rasa abun faɗa, cewa shi daga Burazil yake inda gyaɗar nan take fitowa. A kunnen Bature kalmar da ya yi amfani da ita, nuts, tana da wata ma'ana ta mai taɓin hankali, a wani yaren kuwa gyaɗa gyaɗa ce. Rashawa sai suka cire ta gaba ɗaya suka ce Burazil mai birai da yawa a daji, kuma nasu ɗin ya zauna daram, har yau suna jefa shi a hira.

Rasha ma?

Sosai. A 1975 gidan talabijin na Tarayyar Sobiyat ya yi shi fim, Viktor Titov ya ba da umarni, Aleksandr Kalyagin ya yi gwaggo, sai dai a nasu Babbs ba ɗan gata bane, wani mara aikin yi ne 'yan sanda suka biyo ya faɗa gidan masu kuɗi ya ɓuya cikin kayan mata. Jamusawa sun yi nasu a 1956 da Heinz Rühmann, Ostiriya a 1963 da Peter Alexander, Denmark a 1959 da Dirch Passer. A Amurka Sydney Chaplin, yayan Charlie Chaplin, ya yi fim ɗinsa mara magana a 1925, Jack Benny ya yi a 1941.

Akwai wanda mu nan za mu iya cewa mun taɓa gani?

Mai yiwuwa ka gani baka san asalinsa ba. A Indiya Acharya Atre ya mayar da shi yaren Marathi da sunan Moruchi Mavshi, wanda Vijay Chavan ya shahara da shi daga 1985 yana rawa cikin sari, kuma fim ɗin Govinda na 1998, Aunty No. 1, wannan hanyar ya biyo: ƙato ya shiga kayan hamshaƙiyar anti, tsofaffi biyu suna rububinta. Misirawa ma sun yi nasu tun 1960, Sukkar Hanim, da Abdel Moneim Ibrahim a cikin rigar.

Har yanzu ana yinsa a dandamali?

Ana yi, musamman ƙananan ƙungiyoyin wasa da makarantu a Ingila da Amurka da Jamus, don mutum goma ne kacal a ciki kuma haƙƙin mallakarsa ya daɗe da ƙarewa tunda Thomas ya mutu tun 1914. Kuskuren da wasu suke yi shine su sa ɗan wasan ya yi ta rangwaɗa yana ƙanƙance murya kamar yana jin daɗin abun. Babbs ɗin da aka rubuta ba ya so, tilas aka masa, duk ƙofar da ya gani guduwa yake nema, ga yarinyar da yake so, Ela, ta iso tare da gwaggon gaskiya tana ba shi labarin wani saurayi da ta kasa mantawa, bata san shi take faɗa wa ba.