Shin tsufa ne ke sa a-kori-kura ta fara shan mai dare ɗaya?

An daɗe ana cewa da zarar tsohuwar a-kori-kura ta fara zuƙe mai, to injin ya gaji, sai dai a sauke shi. Akwai ƙamshin gaskiya, domin inji yana cinyewa. Amma tsufa a hankali yake zuwa, cikin shekaru. Shan man da ya taso cikin mako guda, galibi wani ƙaramin abu ne ya lalace.

A fara da awo. Cika tanki, rubuta lambar mitar kilomita, yi zirga-zirgarka, sake cikawa, sannan ka raba kilomitocin da ka yi da litocin da ka zuba a cikawa ta biyu, ka ga kilomita nawa lita ɗaya ke kai ka.

Daga nan a duba iskar taya. Bayan tafiya, a kusantar da hannu ga kowane wili: wanda ya fi sauran zafi sosai, birkinsa na kamawa. A leƙa ƙarƙashin mota da safe ko akwai ɗigo ko warin fetur. Baƙin hayaƙi daga salansa alama ce mai ya yi wa iskar da ke shiga inji yawa, sai a duba fulogi da matatar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa, musamman a mota mai kabureta.

Abin da ya fi damuna shi ne cire tamostat, wato na'urar da ke tsare ruwan sanyaya inji har sai injin ya ɗumama, wai ƙasarmu da zafi. Injin yana son zafin kusan digiri 90 a ma'aunin Selsiyos. In bai kai ba, mota mai kwamfuta takan ɗauka bai ɗumama ba, ta yi ta ƙara masa mai.

Don Allah a tura wa direbobi da masu motar ɗaukar kaya.