Sai da katin shaida ake mallakar sunan shafi a intanet?

Duk wanda ya taɓa sayen layin waya a Yamai ya san ba a miƙa masa sim sai an ga katin shaidarsa. Sunan shafin intanet ba haka yake ba. Ƙa'idarsa wutsiyar sunan take bi: .com da tata, .ne ta Nijar da tata.

Sunaye masu .com da .org suna ƙarƙashin ICANN, hukumar kula da sunayen intanet da aka kafa a Amurka a 1998. Yarjejeniyarta ta 2013 da kamfanonin da ke sayar da sunaye ta ce mai saye ya ba da sunansa na gaskiya da adireshi, amma abin da ake gwadawa imel ne ko lambar waya kawai. Za a turo maka saƙo, in kwana 15 suka cika ba ka amsa ba, a dakatar da sunan. Ke nan mai kilishi da ya biya kuɗinsa amma bai leƙa imel ba zai wayi gari shafinsa a rufe, ɗan damfaran da ya buɗe imel jiya kuwa ya wuce abinsa.

Wutsiyar ƙasa kuma, kowa da tsarinsa. Sin ba ta ba da .cn sai da takardar shaida. Tarayyar Turai, a dokarta NIS2 ta 2022, ta wajabta wa kamfanonin tantance bayanan masu rajista.

Masu cewa a tilasta nuna katin shaida suna da hujja, don shafin bogi mai kwaikwayon banki ya kwashe wa mutane da yawa kuɗi. Sai dai ɓarawon da ya ƙware da katin wani yake zuwa.

Ni abin da ya fi damuna, wa zai ajiye hoton katin, wa kuma ke da ikon ya ce a ba shi? Nijar tana da dokar kare bayanan mutum ta 2022, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai. Amma a Yunin 2024 an gyara dokar laifukan intanet ta 2019, aka maido da ɗauri kan zagi da ɓata suna. Ɗan jaridar da ke son buɗe shafi a Tawa dole ya auna wannan kafin ya miƙa katinsa. Tun 2018 yawancin kamfanoni suna ɓoye sunan mai shafi daga rumbun WHOIS, inda ake duba wanda ya mallaki suna, amma bayanan suna hannunsu, kuma kotu na iya nema.