Fanisau

Fanisau, wadda ake kuma rubutawa Panisau, tsohuwar unguwa ce a arewacin birnin Kano, a bayan ganuwa, kusa da Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano. A tsarin mulki na yanzu tana ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Ungogo. Ta girmi mafi yawan unguwannin da suka kewaye ta da ɗaruruwan shekaru, domin kundin tarihin sarakunan Kano ya ambace ta cikin wuraren da manyan mutanen zamanin Barbushe suka zauna, tun kafin zuwan Bagauda.

Darajar Fanisau ta ɗaukaka ne a zamanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846. Da hawansa gadon sarauta sai ya fuskanci bore a sassa da dama na ƙasar Kano, mafi tsanani kuwa shi ne na Ɗan Tunku, wanda ya riƙa kawo hari daga arewa, ta wajen Dambatta. Saboda haka Dabo ya mayar da Fanisau ribaɗi, wato sansanin da ake zaunar da mayaƙa da iyalansu domin tsaron iyaka, kamar yadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake ƙarfafa sarakunan daular su yi. Ya gina gida a can, kuma a nan ne Baturen Ingila Hugh Clapperton ya je ya gaishe shi a 1824.

Sai dai ribaɗi ba ya tsayuwa sai da abinci, kuma wannan ne ɓangaren tarihin Fanisau da ba a cika faɗa ba, alhali ya cancanci a faɗe shi. Sarki da manyan fadawa da attajiran birni sun kafa gandaye a kewayenta, bayi ne kuma suka yi yawancin aikin. Su suka noma gero da dawa da aka ciyar da fada da mayaƙa, su suka noma auduga da baba da masaƙa da marina na Kano suka dogara da su, har tufafin Kano suka yi suna a kasuwanni masu nisa. Wasu daga cikinsu sun riƙa biyan murgu, wato kuɗin da bawa yake bai wa ubangidansa domin a bar shi ya yi sana'ar kansa, wasu kuma sun tara abin da suka fanshi kansu da shi. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, layin dogo kuma ya iso a 1911, sai manoman yankin suka karkata ga gyaɗa. Ba a soke bauta baki ɗaya a dokar Arewacin Nijeriya ba sai a 1936.

Abin da ya fi sanar da mutanen yau sunan unguwar shi ne Hawan Fanisau, wanda ake rufe hawan Babbar Sallah da shi, kamar yadda ake rufe na Ƙaramar Sallah da Hawan Ɗorayi. Sarki yakan fita da hakimai da 'yan lifida da 'yan bindiga, ya sauka a gidansa na can, ya karɓi gaisuwar jama'a, sannan ya komo birni. A Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya.

A sauran ranakun shekara rayuwa tana tafiya ne tsakanin masallaci da makarantar allo da Islamiyya da gona. Masu unguwanni da dagaci suna sasanta rigingimun iyakar gona da na maƙwabtaka kafin su kai gaban alƙali. Mutane da yawa sukan hau a-daidaita-sahu da safe su tafi kasuwannin birni neman abinci, su komo da yamma. Babban sauyin da ake gani shi ne na ƙasa: yayin da birni yake matsowa, ana yanka gonakin gado ana sayarwa a matsayin fulotai, baƙi suna ginawa, hanyoyi da magudanan ruwa da makarantu kuwa ba sa ƙaruwa daidai da yawan gidajen.