Kafin ki miƙa masa salula, miƙa masa ƙoƙo da ludayi

Ranar awo, in layi ya yi tsawo a asibitinmu, ko ban ɗaga kai ba na san abin da ke gudana a bencin baya. Yaro ya soma rigima, uwa ta zuge jaka, ta ciro salula ta kunna masa bidiyo. Nan take sai ya yi tsit. In na yi magana, amsar kusan ɗaya ce daga Bagalam har unguwar Zariya a nan Maradi: Malama, in ba da wannan ba, ko tuwo ba zan tuƙa ba. Ban ga laifinku ba, ƴan uwa. Ga daka, ga wanki, ga sana'a, hannu kuma biyu ne.

Sai dai akwai abin da ya kamata mu sani. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara kan yara ƴan ƙasa da shekara 5. Wanda bai cika shekara 2 ba, kada a zaunar da shi gaban salula ko talabijin. Daga shekara 2 zuwa 4, kada kallon ya wuce awa 1 a yini, in an rage ma ya fi. Sannan daga shekara 1 yaro na bukatar motsa jiki na minti 180 a yini, wato awa 3, a rarrabe. Dalilin a fili yake. Yaro na koyon magana ne in ya yi gwaranci aka amsa masa. Ya ce "ba", ki ce "Baba? Baba ya tafi kasuwa." Salula surutu take yi masa, ba ta jiran amsarsa.

Abin da na lura da shi a shekarun aikina shi ne, ɗan shekara biyu ba abin da yake so kamar aikin da ke hannun uwarsa. To, ki ba shi nasa rabon. Shimfiɗa masa tabarma a inuwa, nesa da murhu amma inda idonki ke kai wa. Ba shi ƙoƙo biyu da ludayi da murfin tukunya da robobin da kika daina amfani da su. Zuba masa yashi mai tsabta a tsohon faranti, ba ƙasar da awaki da kaji ke bi ba. Zai cika ƙoƙo, ya juye, ya sake cikawa, ya kife ƙarami cikin babba, ya buga murfi ya saurari ƙararsa. Mu muna ganin ɓarna ce, shi kuwa yatsunsa ne ke ƙwarewa, yana gane cike da wofi, babba da ƙarami. In kina tsinke zogale, miƙa masa reshe ɗaya. Rabin ganyen zai zube ƙasa, ba komai. In kina wanki, ba shi tsumma ya yi nasa a gefenki. Ki riƙa faɗin sunan abin da ya taɓa, ki tambaye shi ko tuwonsa na ƙasa ya nuna. Wannan hirar ita ce ribar wasan.

Kwalin da aka kawo sabulu mota ce, in an ɗaura masa igiya gajera ya ja. Ƙwallon tsumma, ƴar tsana ta ƙyalle, gawayi na zane a ƙasa, duk ba wanda zai ci miki ko dala.

Da dare kuma, ga kaka. "Ga ta nan, ga ta nanku" ta girmi kowace waya, kuma yaron da bai gama gane dabarun Gizo ba ma yana jin daɗin muryar da tafin. Maigida, kai ma da kai nake. Minti goma bayan magariba, ka ɗora shi a cinya, ku ƙirga yatsu, ku kwaikwayi kukan jaki da na zakara, kafin ka koma majalisa.

Akwai inda nake so mu buɗe ido sosai. Maradi ƙasar gyaɗa ce da aya, amma kada a ba ɗan ƙasa da shekara 3 su, ko wake, ko tsabar kuɗi, ko ƙaramin batir ya yi wasa, domin suna shaƙe yaro. Leda ma haka. Ruwan da bai kai rabin bokiti ba yana iya halaka yaron da ya faɗa da ka, don haka wasan ruwa sai kina zaune kusa, in kin tashi ki zubar. Fetur da kananzir da ake zubawa a kwalba a ɗaga su sama. Kuma a wanke masa hannu da sabulu kafin ya ci abinci.

Wanda ya riga ya saba da salula zai yi kuka a kwanakin farko, har da birgima. Ki daure, ki fara da hana shi salular a lokacin cin abinci da gab da barci, sauran ya biyo a hankali. In kuwa ya cika shekara 2 bai soma haɗa kalma biyu ba, ko ana kiran sunansa ba ya waiwayowa, ki kawo shi asibiti mafi kusa da ke mu duba shi, kada ki jira wai bakinsa ne ke da nauyi.