Waiwaye: Dabbobin dainoso a wasannin kwamfuta da rigimar lambar siga

Mutum ya shafe wata uku yana gina gandun dabbobi a cikin Minecraft. Ya haƙo ƙasusuwa, ya tatso sinadarin halitta, ya ƙyanƙyashe ƙwai, ya kewaye ƙatuwar dainoson nan mai gajerun hannuwa da katanga. Ran nan sai ya ga an fitar da sabuwar siga ta wani ɗan fayil da bai ma san aikinsa ba, ya latsa sabuntawa. Wasa ya ƙi tashi. Abin da ya rage a allo shi ne jan rubutu mai cewa mod kaza (wato ƙarin da 'yan wasa kan rubuta su cusa a wasa) yana neman laburare kaza (fayil ɗin da mod ke jingina da shi) daga siga kaza zuwa kaza, wadda ke kwamfutarsa kuma ta wuce nan. Duk wanda ya taɓa cusa mod a wasa ya san wannan takaici, kuma tarihinsa ya fi yadda ake zato tsawo.

Dainoso sun daɗe a wasanni, amma fim ɗin Jurassic Park na 1993 ne ya buɗe kasuwar sosai. Turok ya fito a kan Nintendo 64 a 1997, kamfanin Capcom na Japan ya biyo da Dino Crisis a 1999. A tsakaninsu akwai Trespasser na 1998, wanda ya zo da babban buri da tarin kurakurai, kasuwa ta yi watsi da shi. Masoyansa ne suka ɗauke shi suka yi ta gyara, suna ƙirƙiro sababbin filaye shekara da shekaru. Haka aka yi wa Operation Genesis na 2003, inda 'yan wasa suka riƙa sauya fatun dabbobi da halayensu. A wancan zamani gyara ba ya lalacewa, domin wasan da aka sayar a faifai ya tsaya cik, kamfani ba ya sake taɓa shi sai nadiran. Wanda ya yi mod a kansa ya yi gini a kan dutse.

Abin ya canja ne lokacin da wasanni suka koma masu sabuntuwa kullum ta intanet. ARK: Survival Evolved na Studio Wildcard, wanda aka fara sayarwa tun bai kammala ba a watan Yunin 2015, shi ne misali mafi kusa. Kamfanin ya ba jama'a kayan aikin yin mod, aka cika Steam Workshop, rumbun mod na dandalin sayar da wasanni na Steam, da sababbin dabbobi da taswirori. Wasu sun yi kyau har kamfanin ya karɓe su: taswirar The Center ta zama ta hukuma a 2016, Ragnarok a 2017, kuma an shigar da wani ɓangare na mod ɗin gine-gine mai suna Structures Plus cikin ainihin wasan a 2019. Sai dai Steam kan sabunta mod da kansa ba tare da ya tambayi kowa ba. Mai mod ya saki gyara da dare, kwamfutar ɗan wasa ta ɗauka, sabar da yake shiga, wato kwamfutar da 'yan wasa ke haɗuwa a kanta ta intanet, ba ta ɗauka ba, sai a wayi gari ƙofa a rufe har mai sabar ya farka. Da ARK: Survival Ascended ya fito a Oktoban 2023 a kan injin Unreal na biyar, aka koma wani rumbun mod mai suna CurseForge, tsofaffin mod kuma sai an sake gina su.

Amma inda maganar laburare ta fi zafi shi ne Minecraft. Dabba irin dainoso tana da wuyar sarrafawa a wasan da komai nasa murabba'i ne: ga jela da za ta riƙa lilo, ga wuya mai gaɓoɓi, ga tafiya da gudu da cizo. Maimakon kowane mai mod ya rubuta wannan daga tushe, sai wani ya rubuta sau ɗaya ya ajiye, saura su jingina da shi. Wannan shi ake kira laburare. Wani laburare mai suna LLibrary ya yi wa mod ɗin dainoso irin su JurassiCraft da Fossils and Archeology wannan hidima, har da wasu mod na dodanni da ba ruwansu da dainoso. Shi kansa LLibrary yana zaune ne a kan Forge, manhajar da ke loda mod cikin wasan, Forge kuma a kan Minecraft. Hawa huɗu ke nan, kowane hawa da mai shi, kuma mafi yawansu 'yan sa-kai ne masu yi a lokacin hutunsu. In na ƙasa ya motsa, na sama ne ke zubowa.

Masu rubuta manhaja suna da tsarin da ya kamata ya magance wannan. Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub, dandalin ajiye rubutun manhaja, ya tsara ƙa'idar lambobi uku, wadda sigarta ta 2.0.0 ta fito a 2013. A lamba irin 2.4.1, ta ƙarshe tana ƙaruwa in an toshe wani kuskure, ta tsakiya in an ƙara sabon abu ba tare da taɓa tsoho ba, ta farko kuma in an yi canjin da zai karya abin da wasu suka gina. Lambar alkawari ce: muddin ta farko ba ta motsa ba, sabunta hankalinka kwance.

Matsalar ita ce Minecraft bai taɓa ɗaukar wannan alkawari ba. Daga 1.12 zuwa 1.13 a ido ƙaramin mataki ne, amma sigar da ta fito a Yulin 2018 ta rushe tsarin lambobin da ake gane tubala da kayayyaki da su. Forge ya ɗauki watanni ana sake rubuta shi, a wannan giɓi Fabric ya ɓullo a matsayin kishiya, kuma LLibrary ya tsaya a 1.12.2. Mod da suka dogara da shi wasu sun koma wasu laburare irin su Citadel ko GeckoLib, wasu sun yi shekaru a wurin. Shi ya sa har yau ake samun masu buga waccan siga ta 1.12.2, ta 2017, saboda dabbobinsu can suke. Ko lambar ƙarshe ma ba abin amincewa ba ce: 1.20.5 ta Afrilun 2024 ta sauya yadda ake adana bayanan kayayyaki, ta kuma wajabta siga ta 21 ta Java, manhajar da wasan ke gudana a kanta.

Dabarar da masu laburare suka ɓullo da ita ita ce haɗa lambobi biyu a suna ɗaya, ta wasan da tasu. Takardun Forge sun ba da shawarar a fara da sigar Minecraft, sannan a ware lamba guda musamman domin canjin da ya shafi masu jingina da laburaren. Fabric API, babban laburaren Fabric, kan liƙa sigar wasan a ƙarshe bayan alamar tarawa, kuma ya shafe shekaru lambarsa ta farko tana sifili, wanda a ƙa'idar can ke nufin komai na iya canjawa. A ganina wannan sifilin ya fi lambobi da yawa gaskiya.

Ɓangare na biyu yana wuyan mai mod, shi ne faɗin iyakar sigar da yake karɓa. In ya matse iyaka, ƙaramin gyara a laburare sai wasa ya ƙi tashi a banza. In ya sake ta, wasa ya tashi lafiya, sai an je tsakiyar gandu dabba ta buɗe baki komai ya rufe, wani lokaci har da lalata duniyar da aka adana. Na farkon ya fi sauƙi, ko da yake shi ne ya fi jawo wa mai mod zagi. Rabuwar NeoForge daga Forge a Yulin 2023 ta ƙara wani layi a lissafin, domin yanzu laburare ɗaya kan fito kashi uku, na Forge da na Fabric da na NeoForge, a kan siga ɗaya ta wasan. Masu haɗa tarin mod a kunshi guda sun koyi ɗaure kowane fayil a kan sigarsa, ba sa barin ko ɗaya ya sabunta shi kaɗai, kuma kafin su taɓa komai sai sun kwafe duniyar sun ajiye gefe.